Sunan da Inna Take Iya Kira

Ranar Laraba Malam Ismail ya mayar da goron.

Ƙwarya biyu ce da ledar alewa, waɗanda iyayen Mudathir suka kawo daga Makarfi kwana goma da suka wuce, na neman auren Khairunnisa. Da ma Malam ya ce kada a raba sai ya gama bincike. Yadda suka zo haka aka ɗaure su, ƙanin Malam ya ɗora a bayan babur, da saƙon cewa a yi haƙuri, babu rabo.

Khairunnisa tana ɗaki ta ji tashin babur ɗin. Ba ta leƙa ba. Ta ci gaba da ninke hijabin da ta riga ta ninke sau biyu.

"Khairi!"

"Na'am, Baba."

Ta same shi a ƙofar ɗakinsa bisa buzu. Ta durƙusa daga nesa kaɗan.

"Ba zan yi miki dole ba. Shekararki ashirin da shida, kin yi digiri, kin san fari kin san baƙi. Duk wanda kika kawo zan duba shi. Amma ban da wannan yaron."

"To, Baba."

"Mutumin da zai zauna da ke a zaurena, ya tatsi sirrin gidana a bakinki, ya je ya karanta wa duniya, ba suruki ba ne. Tashi ki je."

Ta tashi. Magana ɗaya ce a bakinta wadda za ta warware komai, amma harshenta ya yi nauyi kamar kullum. Haka take tun tana ƙarama. A jami'a ma in malami ya yi tambaya, a gefen littafi take rubuta amsar ta tura wa ta kusa da ita ta faɗa.

Da ta koma ɗaki ta jawo akwatin takardunta. A ƙarƙashin shaidar digiri akwai littattafan rubutu guda huɗu masu baƙin bango.

Mudathir bai tatsi komai a bakin kowa ba. Karantawa kawai yake yi. Duk kalmar da ke cikin labarin Sansanin Tsamiya, daga babi na ɗaya zuwa na talatin da tara, da hannunta ta rubuta.

*

A kan Yaya Haliru abin ya fara.

Shi ne ɗan farin gidan, kuma soja ne. Shekara biyu da wata bakwai ke nan da takarda ta zo cewa an neme shi an rasa bayan wata arangama a dajin gabas. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya ce ya ga faɗuwarsa.

Ranar da takardar ta zo gidan ya cika. Goggo Sabuwa, ƙanwar Malam, ta taho daga Kudan tana kuka tun daga tasha. Maƙwabciyarsu Agnes, wadda kowa ke kira Maman Beauty, ta zube a tsakar gida tana birgima. Inna Uwaliya kuwa, da ta haife shi, tashi ta yi ta hura wuta ta ɗora wa baƙi tukunya.

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In ta kama dole sai ta ce "yayanku". Mata suka yi ta yabonta.

"Uwaliya akwai kara. Ko ɗigon hawaye."

Khairunnisa ce kaɗai ta lura cewa tun daga ranar Inna ba ta ƙara sayen mazarƙwaila ba, abin da Yaya Haliru ya fi so a duniya.

Ita ma da yake maganar ba ta fita a bakinta, sai ta fara rubutu. Ta ƙirƙiro wani Kofur Iliyasu. Ta ba shi tabon da ke girar Yaya Haliru, ta ba shi dariyarsa, da halinsa na yawo da guntun mazarƙwaila a aljihu. Ta tura babin farko, babu suna, ga wani malamin sakandare a Makarfi wanda yake karanta littattafai a waya mutane suna saurare. Ya karanta. Ya nemi na biyu. A babi na goma sha biyu ya nemi sanin sunanta, a na ashirin ya nemi kwatancen gidansu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa, kada kowa ya san ita ce mai rubutun.

Ba ta taɓa zaton labarin zai shigo gidansu ba. Maman Beauty ce ta shigo da shi a wayarta wata la'asar ana yankan tumatir na shanya. Mijinta tsohon soja ne, ta yi shekara goma sha takwas a bariki, don haka ita ce alƙaliyar kowane babi.

"Ƙarya ne! Wane kofur ne zai tsaya gaban kaftin hannu a aljihu? Da Baban Beauty ne, da ya sha tsallen kwaɗo har magariba."

"Ke dai bari mu ji," in ji Goggo Sabuwa, wadda tun rasuwar mijinta rabin watanta a nan gidansu na Ikara take yi. "Ni wannan Tanimun mai kai wa 'yan ta'adda rahoto nake jira. Allah ya tona asirinka, baƙin munafuki, mai kai kamar tulu!"

"Goggo, a ina kika ga kansa?" Khairunnisa ta tambaya, kanta a sunkuye.

"Daga jin maganarsa na san kan ba ƙarami ba ne."

Kaftin Gilbert kuwa, wanda ya goya Kofur Iliyasu ya ƙetare kogi da shi ana ruwan harsashi, Maman Beauty ta rantse da tana da sauran 'ya mace da kyauta za ta ba shi.

Inna ba ta sa baki da farko. Sai a babi na bakwai, inda Kofur ya raba guntun mazarƙwailarsa gida huɗu ya miƙa wa abokansa a cikin rami, wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka, Iliyasu."

Daga ranar babi bai ƙara wuce ta ba. Duk Litinin da Alhamis ita take shimfiɗa tabarma tun kafin maza su dawo daga masallaci.

"Iliyasu, kada ka bi ta nan."

"Kai Iliyasu, ka ci abinci mana."

Ranar da aka harbe shi a kafaɗa ta yi kuka har da shessheƙa a gaban kowa. Washegari ta soya waina ta raba sadaka. Goggo ta yi dariya ta ce, "Uwaliya, mutumin cikin waya kike yi wa sadaka?"

Inna ta ce, "Sadaka ai ta san inda za ta."

A babi na talatin da tara aka kai wa sansanin hari. Ƙura ta lafa, aka ƙirga mutane, babu Kofur Iliyasu. Nan labarin ya tsaya. Mako biyar ke nan Khairunnisa tana buɗe littafi na huɗu tana rufewa.

*

Ranar da Mudathir ya shigo gaida iyaye mata, bayan an kawo goro, durƙusawa kawai ya yi ya ce, "Ina wuninku, Inna? Mun same ku lafiya?"

Goggo Sabuwa ta saki ludayi.

"La'ilaha illallahu! Yaro, sake faɗa."

Ya sake, yana murmushin rashin sanin abin yi.

"Wallahi shi ne! Uwaliya, mai Kofur ne! Kai yaro, tsakaninka da Allah, Iliyasu yana raye?"

Aka yi ta dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska irin na surukai, amma ta kasa kunne tana jiran amsa.

Wanda labarin bai ba dariya ba shi ne Zulkifilu, ɗan Goggo, mai sayen rake a gona yana lodi zuwa kudu. Shekara uku yana zuwa Ikara da ɗaurin rake, Khairunnisa tana ce masa "sannu, Yaya Zulki" tana wucewa. Ya zauna ya saurari wasu babuka, sannan ya tura labarin gaba ɗaya a wayar kawunsa.

"Kawu, ji nan. Tabo a girar hagu. Ji nan kuma, 'yar boko yake kiran ƙanwarsa. Ga mazarƙwailar aljihu. Wa ya san waɗannan in ba 'yan gida ba? Mutum dubu nawa ne suka ji?"

Bayan kwana uku Malam ya aika aka kira Mudathir. Khairunnisa ta laɓe a bayan ƙyauren zaure.

"Kai ne mai karanta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ba ka labarin ɗana?"

Malam ya ci gaba.

"Har abin da ya shiga tsakanina da shi a ɗaki. Cewa na ƙi sa hannu a takardar shiga soja, muka yi wata uku ba ma magana. Khairi ce ta faɗa maka a wurin zance, kai kuma ka mayar da shi abin nishaɗi?"

Ta ji Mudathir ya ja numfashi. Ta riƙe nata.

"Laifina ne, Baba. Ku yi haƙuri."

A ranar Malam ya shigo tsakar gida ya ce kada ya ƙara jin muryar nan a gidansa, ko a waya ko a fili.

*

Washegarin mayar da goron, da aka tashi daga makarantar da take koyarwa, ta hango shi a gindin darbejiya ta ƙetaren titi, ya jingina da babur ɗinsa. Ta tsallaka. Ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Kin ce kada kowa ya sani."

"Ai ban ce ka bari a kore ka ba."

"Ba ki kuma ce in an zo korata alkawarin ya tashi ba."

Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. Ta sa gefen hijabi ta tare.

"Goron ya iso?"

"Ya iso. Baffana ya ce a kai masallaci a raba. Na ce a'a, na yayyafa masa ruwa na rufe da ganye. Goro in ana kula da shi ba ya saurin bushewa." Ya ciro waya. "Share hawayenki ki ji abin da mutanenki suke yi mini."

Ya fara karantawa da muryar nan tasa.

"'Malam mai karatu, mako biyar! Ko kai ma 'yan ta'addar sun ɗauke ka ne?' Ga wata: 'In ka kashe Kofur ban yafe ba, duniya da lahira.' Wannan ta ce ta haihu ranar Asabar, an sa wa yaron Iliyasu, uban yana ta tambaya wane Iliyasun ne a danginta. Wani kuma daga Nasarawan Doya ya ce a ba shi Tanimu na minti biyar kacal, shi da fartanyarsa."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

"Saura biyu," in ji shi, murmushin ya ragu. "'Ni soja ne, ina bakin daga. Mu takwas muke saurare a waya ɗaya. Wanda ya rubuta wannan ya san mu. Kada ka yi mana ƙarya a ƙarshe.' Ta ƙarshe kuma mace ce. 'Wata goma sha huɗu babu labarin mijina. Don Allah ka dawo da Kofur gida.'"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka ga abin da ya hana ni rubutawa. In na dawo da shi, na yi wa Inna ƙarya. In na kashe shi, ni na kashe mata shi da hannuna. Ni ma ban san gaskiyar ba, Mudathir."

"To kada ki rubuta sai kin shirya. Zagin ai ni ake yi wa, na saba."

"Baba zai ce ni na tona masa asiri. Zai ce 'yarsa ta cikinsa."

"Zai iya cewa." Ya mayar da wayar aljihu. "Khairi, ji nan. Ni ba zan faɗa ba, ko da a gabana za a ɗaura miki aure da wani. Maganar taki ce. Amma ki sani, ba ni da wata hanyar komawa zauren nan sai ta bakinki."

"Bakina ba ya buɗuwa a gaban Baba."

"Wadda ta ƙetarar da Kaftin Gilbert kogi ana harbi, tsakar gida ce za ta gagare ta?"

"Wancan da biro na yi."

"To ki tafi da biron."

*

Ranar Litinin Inna ta shimfiɗa tabarma bayan la'asar kamar yadda ta saba, sai da ta zauna sannan ta tuna. Ba ta naɗe ba. Ta ajiye hannayenta a cinya tana kallon bango.

Maman Beauty ta leƙo ta katanga.

"Maman Khairi," ta ce ƙasa-ƙasa. Da can Maman Haliru take kiranta, tun zuwan takardar ta sauya. "Zo gidana mu maimaita na kogi. Wa zai sani?"

"Malam ya hana."

"Ke kin ga yadda kika koma kuwa? Tuwon jiya ma Khairi ta ce ba ki taɓa ba."

"Zafi ne ake yi."

Khairunnisa tana wanke kwanuka tana jin su. Sai ga sallamar Zulkifilu, ɗaurin rake a kafaɗa. Ya gaida Inna, ya jingina raken, ya matso wurin wanke-wanke.

"'Yar boko, an gaishe ki."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ita kanta ta yi mamakin ƙarfin muryarta. Shi ma ya ɗan ja baya.

"Allah ya ba ki haƙuri. Na zo ne in gaya miki ranar Juma'a su Baffa za su zo wurin Kawu neman mini aurenki. Ya ce in kin amince shi ba shi da ja." Ya tsuguna. "Na san kina jin haushina. Amma Khairi, Haliru abokina ne kafin ya zama labari. Tare muka yi allo, tare muka sha bulala. Ranar da na ji wani baƙo yana kwaikwayon dariyarsa a waya, ana tura masa hoton zuciya, wallahi kasa cin abinci na yi. Ni ban iya daɗin baki ba, rake na sani. Amma ba zan ɗauki sirrinku in kai kasuwa ba."

Ta ci gaba da wanke kwanonta. Da mugunta ce ta sa shi, da abin ya fi mata sauƙi.

Da ya tafi ta tsaya da kwano a hannu, wani abu ya faɗo mata. Zulkifilu bai san maganar sa hannun nan ba. Ko Goggo ba ta sani ba. A babi na goma sha bakwai take, can tsakiya, kuma babu wanda ya nuna wa Baba wurin.

Ke nan Baba da kansa ya saurara har ya kai can.

*

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam ya dawo daga masallaci ya zauna bisa buzunsa. Goggo Sabuwa tana nan, ta zo shirin baƙin gobe. Inna tana kan tabarmarta.

Khairunnisa ta fito da littattafai huɗu rungume a ƙirji. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar ɗakinta zuwa buzun Baba, ta ƙirga su. Ta durƙusa, ta ajiye su a gabansa, ta buɗe na farko.

Ya sa tabarau. Shi ya koya mata riƙe alƙalami, bai buƙaci a gaya masa rubutun waye ba. Ya karanta layi biyu ya ɗago.

"Mene ne wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ke ce me?"

"Ni na rubuta. Shi karantawa kawai yake yi. Ni na roƙe shi kada ya faɗa."

Goggo ta dafe ƙirji.

"Ke? Ke da ko sallamarki sai an kasa kunne? Ke kika haifi Tanimu? A gidan uban wa kika san rami da harsashi?"

"Yaya ne yake ba ni labari in ya zo hutu. Sauran Baban Beauty nake tambaya, yana zaton aikin makaranta ne."

"Muna zaune muna tsine wa mutum, ashe uwarsa tana gefe tana yanka tumatir!"

"Sabuwa." Malam bai ɗaga murya ba, amma ta yi tsit. Ya juyo ga 'yarsa. "Kina bayan ƙyaure ranar. Na ga inuwarki. Kina ji na ci mutuncin ɗan mutane, kika yi shiru."

"Tsoro na ji, Baba."

"Amma ba ki ji tsoron ɗaukar abin da ya shiga tsakanina da ɗana ki ba duniya ba."

"Ban sa sunan kowa ba."

"Ni ai na san sunan."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta yi ƙoƙarin tsayar da shi ta kasa, sai maganar ta fito tare da shi.

"Baba, a gidan nan babu mai ambatonsa. Kai ba ka yi, Inna ba ta yi. An kulle ɗakinsa, an cire hotonsa, kamar ba a taɓa yin sa ba. Wata rana na zauna ina son in tuna yadda yake dariya, na kasa. Shi ne na ji tsoro. Na ce bari in rubuta kafin sauran ma ya tafi. Ban yi don in tona maka asiri ba, wallahi. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma shi bai yi komai ba. Amana ya riƙe."

Malam ya cire tabarau.

"Malam, a ba ni izini in yi magana."

Duka suka juya. Inna ce. Ba ta ɗago kai ba, bakin tabarma take murzawa.

"Ni tun babi na bakwai na san daga gidan nan labarin ya fita. Ban tambaya ba, don kada a hana ni." Ta ci gaba da murza tabarmar. "Shekara talatin da ɗaya ban kira yaron nan da sunansa ba. Da yana rarrafe ya kama zanina, in da mutane, cire hannunsa nake yi. Haka aka koya mana, ban ce laifi ba ne. Ranar da takarda ta zo, Sabuwa ta yi kuka, Agnes ta yi kuka, ni na hura wuta, aka ce ina da kara. Malam, ba kara ba ce. Hanyar ce ban sani ba."

"Uwaliya..." in ji Goggo, muryarta ta karye.

"Wannan Iliyasun shi aka ba ni in kira. In ce masa ya ci abinci, in ce masa Allah ya tsare, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Mako biyu ke nan da aka karɓe shi. Ban yi musu ba. Amma in hukunci za a yi wa wadda ta rubuta da wanda ya karanta, a haɗa da wadda ta saurara."



Malam ya jawo littafi na biyu. Ya yi ta buɗa shafuka kamar mai neman wurin da ya sani, har ya tsaya. Ya ɗora yatsa.

"Babi na goma sha bakwai. Kin yi kuskure a nan."

Khairunnisa ta ɗago jajayen idanunta.

"Kin ce uban bai raka shi tasha ba." Ya gyara murya, ta ƙi gyaruwa. "Ya raka shi. A bayan rumfar mai faci ya tsaya, har motar ta cika, har ta tashi. Yaron ne bai gan shi ba."

Goggo ta rufe fuska da mayafi. Inna ta ɗago a karo na farko ta dubi mijinta.

"Ki gyara," in ji Malam. Ya rufe littafin ya tura mata. "Ba a barin kuskure a rubuce."

"To, Baba."

"Shirun da kika yi a bayan ƙyaure, wannan tsakanina da ke ne, ban gama da shi ba." Ya miƙe yana neman takalminsa. "Sabuwa, ki kira Zulkifilu ki ce su dakata da zuwan gobe. Ni zan je Kudan da kaina in ba baffanninsa haƙuri. Yaron bai yi don sharri ba."

"To Yaya, na Makarfin fa?"

Malam ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ni na ci mutuncinsa, ni zan kira shi. Ita ta rubuta babin ƙarshe. In ta gama ya zo ya karanta a nan, a tsakar gidan nan, kafin duniya ta ji. In ya gama karatu sai mu yi maganar goro, in bai bushe ba."

"Yana yayyafa masa ruwa," in ji Khairunnisa, kafin ta san ta faɗa.

Goggo ta sauke mayafi. "Iye! Yau kuma bakin ya buɗe ke nan?"

Malam ya yi kamar bai ji ba, ya fice.

Khairunnisa ta tattara littattafanta. Za ta wuce ta gaban tabarma, Inna ta kama gefen zaninta.

"Ya dawo?"

"Ban sani ba, Inna. Na kasa rubutawa."

"To kada ki yi ƙarya. Abin da ba ki sani ba ki bar wa Allah." Ba ta saki zanin ba. "Abu ɗaya nake so. Ko ya dawo ko bai dawo ba, ki sa uwarsa ta fito ƙofar gida ta kira sunansa, mutane suna ji."

"To, Inna."

"Shi kuma yaron Makarfi, in ya zo wurin, ki ce masa ya ɗaga murya."